9 ga Nuwamba a Shafi Guda

Saura mako uku 'yar yayata ta cika shekara 18 ta miƙo mini wayarta tana dariya. "Kawu, zo ka ga waɗanda muka haɗa ranar haihuwa." Na karɓa na duba. Dogon jerin sunaye ne a ƙarƙashin 9 ga Nuwamba, mawaƙa da 'yan fim da 'yan wasa, yawancinsu ban taɓa jin su ba, ita ma da na tambaye ta sai ta ɗage kafaɗa. Can ƙasa, tsakanin wani mawaƙi da wata mai tallan tufafi, aka cusa layi ɗaya: 1989, Katangar Barlin ta faɗi. Iyakarsa ke nan, kamar mai ba da labarin an yi yayyafi jiya.

Nan na yi subul da baka. Na ce ta rabu da wannan, ni zan haɗa mata nata, shafi guda tak, kuma ba zan sa layi ko ɗaya ba sai na tabbatar da shi. Ta ce, "Kawu, na riƙe ka fa." A raina aikin dare biyu ne. Sai da ya cinye makonni ukun kaf.

Na samo littafin rubutu na ja layi biyu, shafin ya rabu gida uku: abin da ya auku, wanda aka haifa, wanda ya rasu. Daren farko tarawa kawai na yi, duk abin da na ci karo da shi na zuba. Gidan haihuwa ya cika nan da nan. Ga Carl Sagan, masanin taurari ɗan Amurka, 1934. Ga Alessandro Del Piero, 1974, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Juventus, ya kuma ɗauki kofin duniya da Italiya a 2006. Ga Sarki Edward na 7 na Ingila, 1841. Ga Muhammad Iqbal, ga Hedy Lamarr, ga Ivan Turgenev. Gidan rasuwa ma bai yi ƙaranci ba: Neville Chamberlain a 1940, Sarki Abdul'aziz wanda ya kafa Saudiyya a 1953, Janar de Gaulle a 1970. Shekarar 1953 har ta fito sau biyu, domin ranar da Sarki Abdul'aziz ya rasu a Ɗa'if, a ranar ce Kambodiya ta karɓi 'yancinta daga Faransa. Na kwanta ina ganin an ci rabin aiki.

Washegari na kafa wa kaina doka: kowane layi sai majiya biyu sun shaida shi. Kafin azahar dokar ta nuna rauninta. Na tarar da suna ɗaya an rubuta shi da kuskuren harafi a wani jeri, na leƙa na biyu na ga kuskuren, na uku ma haka, a wuri ɗaya sak. Ashe ba shaidu uku ba ne, shaida ɗaya ne ya canza riga sau uku. Masu irin wannan jerin kwafar juna suke yi. Sai na gyara dokar: majiya ta biyu dole ta zama ba jerin ranaku ba ce. Tarihin rayuwar mutumin, ko kundin ilmi da aka san masu tace shi, ko shafin gidan adana tarihi. Daga nan tafiya ta koma ta hawainiya.

Turgenev ne ya fara kayar da ni. Marubucin Rasha ne, an haife shi a 1818, amma da na buɗe tarihin rayuwarsa sai na ga 28 ga Oktoba. Na san Rasha ta daɗe a kan tsohuwar kalanda, na kuma san juyin juya halinsu da ake kira na Oktoba a 7 ga Nuwamba ake tunawa da shi, wato tazarar kwana 13. Na ɗora 13 a kan 28 ga Oktoba, lissafi ya sauke ni a 10 ga Nuwamba. Na ja layi na soke shi, har da 'yar fara'ar wanda ya kama ɓarawo. Kwana biyu yana soke kafin in gane ni ne mai kuskuren. Tazarar ba tsayayya ba ce, girma take yi. Tsohuwar kalandar Julius Kaisar tana lissafa shekara da tsawon da ya zarce na gaskiya da kimanin minti 11, mintocin nan suka yi ta taruwa har Fafaroma Giregori na 13 ya yanke kwana 10 a 1582: mutane suka kwanta ranar 4 ga Oktoba suka tashi ranar 15. Sabuwar kalandar ta hana shekarun 1700 da 1800 da 1900 samun ranar 29 ga Fabrairu, tsohuwar kuwa ta ba su. Saboda haka a ƙarnin Turgenev tazarar kwana 12 ce, sai bayan Fabrairun 1900 ta koma 13. Kwana 12 a kan 28 ga Oktoba, 9 ga Nuwamba cif. Na mayar da shi da jan biro, na rubuta "yi haƙuri" a gefen sunansa.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Mahaifiyar Turgenev ba ta taɓa sanin ta haihu ranar 9 ga Nuwamba ba. A gidansu Oktoba ake ciki. Rasha ba ta sauya kalanda ba sai 1918, lokacin da 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu, shekara 35 bayan mutuwarsa. Haka Napoliyon. Juyin mulkin da ya ɗora shi bisa ragamar Faransa yana cikin kowane jerin 9 ga Nuwamba, 1799, alhali a takardun gwamnatin lokacin babu Nuwamba sam. Masu juyin juya hali sun ƙirƙiro tasu kalandar da nasu watannin, ranar a wurinsu 18 ga Brumaire ce, shekara ta 8, kuma da wannan sunan tarihi ya riƙe ta har gobe. Mu ne daga baya muka kwaso su muka zuba a akwati ɗaya.

Na Iqbal wani salon ne. Mawaƙi kuma masanin falsafa, haifaffen Sialkot, wanda Pakistan ke ɗauka mawaƙin ƙasa. An daɗe ana ja-in-ja kan shekarar haihuwarsa, tsofaffin littattafai da dama suna cewa 1873, kafin gwamnatin Pakistan ta tsayar da 9 ga Nuwamba, 1877, wadda ta yi daidai da 3 ga Zulƙi'ida, 1294. Wannan ya tuna mini abin da na sani tuntuni amma ban taɓa haɗa shi da aikin ba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. In da kalandar wata muka yi lissafin, yarinyar nan da Iqbal ba abin da ya haɗa su, wasu mutane dabam ne za su zama abokan ranarta.

Hedy Lamarr kuwa ranarta ba gardama, shekarar ce ake karo da 1913 a wani wuri, 1915 a wani, amma 1914 ce ta tabbata, a Biyana babban birnin Ostiriya. Ita na fi jin daɗin bincikawa. Jerin wayar "'yar fim" kawai ya kira ta ya wuce. Gaskiya ne, tauraruwa ce a Hollywood. Sai dai a tsakiyar Yaƙin Hitila, ita da wani mai tsara kiɗa, George Antheil, sun yi rajistar wata dabara a 1942: saƙon rediyon da ke jan ragamar makamin ƙarƙashin ruwa ya riƙa tsalle daga wannan mita zuwa waccan, bisa tsarin da mai aikawa da mai karɓa kaɗai suka sani, yadda abokin gaba ba zai iya toshe shi ba. Sojan ruwan Amurka bai yi aiki da ita a lokacin yaƙin ba. Irin wannan tsallen mitar ne Bluetooth ɗin da ke cikin wayar yarinyar yake yi yau.

Bayan kalanda sai agogo. Jeri da yawa sun sa nasarar Donald Trump ta farko a 9 ga Nuwamba, 2016. Amurkawa ranar 8 suka jefa ƙuri'a, sakamakon ne ya bayyana bayan tsakar dare a gabashin ƙasar, lokacin da a yammacinta ma ranar 8 ba ta ƙare ba. Na cire shi, ba don siyasa ba, don ranar ba tasa ba ce kaɗai. De Gaulle kuma akasin haka: da yammacin 9 ga wata ya rasu a gidansa na ƙauyen Colombey, amma sai da safiyar 10 Faransawa suka ji. Shi na bar shi.

A mako na biyu na lura ƙasa ɗaya ta cinye gidan aukuwa. 1918 Jamus, 1923 Jamus, 1938 Jamus, 1989 Jamus. Su kansu Jamusawa "ranar ƙaddara" suke ce mata. Na ɗauki littafin na tafi wurin tsohon malaminmu na tarihi, wanda ya daɗe da yin ritaya. Ya sa gilashinsa ya bi layukan da yatsa, ya tsaya a na farko. Na rubuta: "1918, Sarkin Jamus Wilhelm na 2 ya yi murabus."

"Wa ya ce maka ya yi murabus ranar?"

"Allah ya gafarta Malam, haka na gani a wuri uku."

"Wuri ukun ne suka sa hannu, ko shi?"

Sai ya warware mini. Sarkin yana can hedikwatar soja a Spa, cikin Beljiyam, yana ta jan ƙafa. Shugaban gwamnati Max von Baden ne ya ga Barlin na neman kamawa da wuta, ya sanar da murabus ɗin ba da yawun mai shi ba. Da rana Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin majalisa ya shelanta jamhuriya, bayan kamar awa biyu Karl Liebknecht ya shelanta tasa ta 'yan gurguzu a fadar sarki. Jamhuriya biyu a yini ɗaya. Sarkin ya tsallaka Holan washegari, takardar murabus kuwa sai 28 ga Nuwamba ya sa mata hannu. Malam ya ce, "Rubuta an sanar. Kalma ɗaya ce, amma ita ce tarihin."

Na ce masa abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ƙaddara ta tara manyan abubuwa huɗu na ƙasa ɗaya a rana ɗaya. Ya cire gilashin ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Ukun farko igiya ɗaya ce ta ɗaure su."

Ga yadda igiyar take. Kwana biyu bayan shelar jamhuriya, ranar 11 ga Nuwamba 1918, Jamus ta sa hannu a kan tsagaita wutar da ta kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Masu tsattsauran kishin ƙasa suka laƙaba wa shugabannin lokacin suna "masu laifin Nuwamba". Shekara biyar bayan haka, daren 8 ga Nuwamba 1923, Hitila ya kutsa wani zauren mashaya a Munich da bindiga yana shelar kifar da gwamnatinsu. Ranar 9 ya fito maci da mutanensa, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe 16 daga ɓangaren masu macin da 'yan sanda 4. Aka yanke masa shekara biyar, bai cika ko ɗaya ba aka sake shi. Da ya hau mulki a 1933 sai ya mayar da wannan faɗuwar bikin jam'iyyarsa ta Nazi, duk shekara manyansu su taru a Munich. Suna wurin wannan taron ne a 1938 labari ya iso cewa Ernst vom Rath, jami'in ofishin jakadancin Jamus da wani matashi Bayahude ya harba a Faris ranar 7 ga wata, ya cika. Goebbels, ministan farfagandar Hitila, ya miƙe ya yi jawabi, shugabannin jam'iyya suka watse zuwa wayar tarho suna ba da umarnin far wa Yahudawa. Kafin gari ya waye an ƙona ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa a Jamus da Ostiriya, an farfasa dubban shaguna, an kashe mutane, an kama maza kusan 30,000 zuwa sansanonin Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Fasassun gilasan da suka cika tituna ne suka ba daren sunansa, Kristallnacht, wato Daren Fasassun Gilasai. Wato kowace daga cikin ranakun nan ta haifi mai bi mata. Mutane ne suke komawa kan ranar da gangan, ba ranar ce take kiran su ba.

Na huɗun ne kaɗai ya faɗo da ka. Katangar da ta raba Barlin ta Gabas da ta Yamma ta tsaya tun 13 ga Agusta 1961. Da yammacin 9 ga Nuwamba 1989, gab da ƙarfe 7, kakakin jam'iyya mai mulkin Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, yana ƙarshen taron manema labarai, ya karanto wata takarda da aka miƙa masa kan sassauta dokar tafiye-tafiye, ba tare da ya san cikakken tsarinta ba. Aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki. Ya jujjuya takardunsa ya ce a iya saninsa nan take. Alhali sai washegari aka shirya sanar da ita, kuma da neman izini. Jama'a suka gani a talabijin suka yi dafifi a mashigai. Jami'in da ke riƙe da mashigar titin Bornholmer, Harald Jäger, ya yi ta buga waya babu mai ba shi umarni ƙwaƙƙwara, wajen ƙarfe 11 da rabi na dare ya ce a ɗage shingen. Da ya ƙara haƙurin rabin awa, da labarin ya koma shafin masu 10 ga wata. Malam ya ƙara da cewa, da aka zo zaɓen ranar ƙasa bayan haɗewa, Jamus ta kauce wa 9 ga Nuwamba duk da daɗinta, saboda inuwar 1938, ta ɗauki 3 ga Oktoba, ranar da ƙasashen biyu suka haɗe a 1990.

A hanyar komawa na yi wani ɗan lissafi da ya rage mini zumuɗi. Mutanen duniya sun haura biliyan 8. Raba su gida 365, kowace rana ta samu kusan miliyan 22. Wannan ita ce ainihin tawagar 'yar yayata, ba mutum goman da zan rubuta ba. Akwai kuma lissafin nan da ɗalibai ke musu da shi har sai sun gwada: mutum 23 in suka taru, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi, domin mutum 23 suna ba da haɗin bibbiyu har 253. 'Yan ƙwallo 22 da alƙalin wasa ke nan. Duk ranar da ka buɗe a kalanda za ka same ta a cike maƙil, in dai ka san inda za ka duba.

Saura yanka. Shafi guda layi 14 yake ɗauka in ana son rubutun ya karantu, ni kuwa ina da fiye da 40 da suka tsallake tantancewa. A nan na gane duk wanda ya haɗa irin wannan jerin, rabin abin da ya nuna maka ranar ce, rabi kuma shi ne. Na ajiye Chamberlain da Sarki Edward ban waiwaya ba. Ɗaukewar wutar 1965, wadda ta jefa mutum kimanin miliyan 30 cikin duhu a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, ta fita da ƙyar. Na riƙe tashin farko na rokar Saturn V a 1967, wadda irinta ce ta kai mutane duniyar wata bayan ƙasa da shekara biyu. Na riƙe Garry Kasparov, wanda ya doke Anatoly Karpov a Mosko a 1985 ya zama zakaran darar ces na duniya yana ɗan shekara 22, don ina so ta ga wanda bai girme ta da yawa ba. Del Piero ya tsira ne kawai saboda na san in babu ɗan ƙwallo za ta ce shafin na tsofaffi ne.

Layin 1938 ne ya hana ni barci. Kyautar ranar haihuwa ce, ga yarinya mai shekara 18. Na cire shi, shafin ya yi kyau, ya kuma yi ƙarya, domin ga 1918 ga 1989 suna murmushi, tsakaninsu rami. Na mayar da shi, sai ga shi bisa tsarin shekaru ya faɗo daidai ƙarƙashin haihuwar Carl Sagan, layi ɗaya da ɗaya, tsawo ɗaya, kamar nauyinsu ɗaya. Abin da na zargi jerin wayar da shi ke nan tun farko. A ƙarshe na watsar da tsarin shekaru. Haihuwa ta koma sama, sauran aukuwa a tsakiya, Jamus kuma na ware mata akwatinta a ƙasa, na rubuta abubuwan huɗu a jimloli masu bin juna yadda Malam ya ɗaura mini su, da fili fari sama da ƙasa. Hakan ya ci layi uku ƙari. Napoliyon da de Gaulle da Kambodiya ne suka biya kuɗin.

Na sake kwafe shi da hannu sau biyu, don a na farko na rubuta 1987 a maimakon 1877 na ba Iqbal ƙuruciyar da bai nema ba.

Ranar na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, daga sama. Ta yi dariya a kan Del Piero. A kan Hedy Lamarr ta tsaya ta zaro abin jin sautin da ke kunnenta ta dube shi, ta mayar. Da ta iso akwatin ƙasa sai ta zauna, ta yi shiru fiye da yadda na saba ji daga gare ta. Can ta ɗago.

"Kawu, shi wannan mai gadin, da ya ɗage shingen, me aka yi masa?"

Na ce ba a yi masa komai ba, ƙasar da za ta hukunta shi ce ta ƙare kafin shekara ta zagayo.

Ta ninke takardar gida biyu ta sa a cikin littafinta. Daga bakin ƙofa ta juyo ta ce ƙaninta fa 29 ga Fabrairu aka haife shi, kuma ta riga ta faɗa masa.